Adashin da Kowa ke Zubi, Mai Takarda ke Kwasa

Duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Talata Mafara, ɗan sanda ne ko ma'aikacin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsar ruwa ta Bakalori, in ya duba takardar albashinsa zai tarar da wani layi da ba ya fashi ko wata guda. Kashi 2.5 cikin ɗari ne aka cire aka tura Asusun Gidaje na Ƙasa. Dokar da ta kafa asusun ta fito ne a 1992, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma tun daga lokacin ake yankar kuɗin kafin albashi ya iso hannun mai shi. Ba a nemi yardarsa ba, ba a kuwa buƙatarta. Abin da aka faɗa masa kawai shi ne wannan zubi ne, wata rana zai kwasa ya mallaki gida.

Bahaushe ya san zubi, ya san kwasa. A adashi, uwar adashi tana karɓa daga kowa, kuma komai daren daɗewa layi zai zo kan kowa. Wadda ta yi shekara da shekaru tana karɓar zubin mutum ba ta taɓa ba shi kwasa ba, tun kafin a je gaban alƙali unguwa ta gama yanke mata hukunci. Uwar adashin gidaje a Najeriya ita ce Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka fi sani da FMBN, bankin da ya samo asali daga wata cibiyar ba da rancen gini da aka kafa a 1956 tun zamanin Turawa, ya ɗauki sunansa na yanzu a 1977. Miliyoyin ma'aikata ne ke zuba masa. Waɗanda suka taɓa karɓar bashin sayen gida daga hannunsa kuwa ba su wuce cikin cokali ba, kuma ba ƙuri'a ce ta zaɓe su ba. Takarda ce ta zaɓe su.

Sharuɗɗan bashin, in aka karanta su a rubuce, sai mutum ya rantse sadaka ce. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, biya a hankali har tsawon shekara 30, kuma wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci nema. Iyakar abin da ake bayarwa ta daɗe a naira miliyan 15, daga baya aka ɗaga ta zuwa miliyan 50. A ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwamban 2024, inda bankunan kasuwanci ke ba da rance a kusa da kashi 30, babu kuɗi mai arha kamar wannan. Wanda ya ranci naira miliyan 10 daga asusun zai riƙa biyan kimanin naira 60,000 a wata. Wanda ya ranci adadin nan daga bankin kasuwanci a kan kashi 28 na shekara 15 zai biya kusan naira 237,000 a wata, kuma kafin ya gama ya zuba wa banki fiye da miliyan 42. Tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu ita ce garaɓasar, kuma tambayar da ta dace ita ce wa ke cin ta.

Jami'ai suna da amsar da suka haddace. Duk lokacin da aka tambaye su dalilin da ya sa mutanen Arewa, musamman na karkara, ba sa cin moriyar asusun, sai su ce ƙarancin wayar da kai ne. Sai a shirya taro a otal, a raba takardu, a ɗauki hoto. Wannan amsa tana da daɗin faɗi domin tana ɗora laifi a kan wanda aka cuta. Malamin makaranta a Bakura ba jahilcin bashin gida ne ke damunsa ba. Ko da za a zaunar da shi a karanta masa dokar 1992 daga bango zuwa bango, zai tashi a inda yake, domin ƙofofi uku ne a gabansa, kowace an datse ta da kwaɗo: albashi, takardar fili, da kuma addini.

Ƙofar albashi ita ce mafi sauƙin bayani. Ƙa'idar bankin ita ce abin da mutum zai riƙa biya a wata kada ya haura kashi ɗaya bisa uku na abin da yake samu. Mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sanya wa hannu a Yulin 2024, ba zai iya biyan fiye da naira 23,000 da 'yan kai ba, kuma wannan ba zai janyo masa rancen da ya kai miliyan 4 ba, ko da an ba shi cikakkun shekaru 30. Shekarun ma ba kowa ke samun su ba, tunda ana auna wa'adin ne da abin da ya rage wa mutum kafin ya cika shekara 60. Mai shekara 45 da ya ranci miliyan 5 zai biya sama da naira 42,000 a wata, alhali matashin da ya samu shekara 30 zai biya 30,000. Ga shi kuma buhun siminti ya tsallake naira 10,000 a farkon 2024, duk da cewa masana'antar Kalambaina tana nan Sakkwato maƙwabta. Miliyan 4 a yau ba ta gina ɗaki biyu da falo da katanga, balle gidan mai mata biyu da 'ya'ya goma. Wanda zai iya ɗaukar miliyan 50 ɗin da ake tutiya da ita sai mai samun kusan naira 900,000 a wata. Irin wannan ma'aikaci ba a Birnin Tudu yake zaune ba.

Amma a ɗauka albashin ya isa. Nan ne za a ci karo da ƙofa ta biyu, wadda ita ce uwa uba. Bashin gida jingina ce. Banki yana ba da kuɗi ne domin yana riƙe da abin da zai sayar in an kasa biya, kuma abin da yake riƙewa ba bulo da kwano ba ne, takardar shaidar mallakar fili ce, wadda ake kira C of O, mai ɗauke da sa hannun gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa ta ranar 29 ga Maris 1978 ta damƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana. Ba baƙon abu ba ne a Arewa, domin tun 1910 Turawa suka shimfiɗa irin wannan tsari, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta ɗora a kai. Sashe na 22 na dokar 1978 ya haramta jinginar da fili ba tare da amincewar gwamna ba, kuma a 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta soke wata jingina ɗungurungum saboda ba a nemi wannan amincewa ba. Tun daga ranar kowane banki ya shiga taitayinsa. Filin karkara kuwa, wanda dokar ta bar wa ƙaramar hukuma ta ba da izinin zama na gargajiya a kansa, a aikace banki ba ya ko kallon takardarsa.

To, mece ce takardar gida a Birnin Tudu, ko a Maradun, ko a tsofaffin unguwannin Mafara? Ga mafi yawan mutane, shaidar mai unguwa ce da dagaci, da maƙwabta huɗu da suka san iyaka, wani lokaci da 'yar takardar ciniki da aka rubuta da hannu shaidu suka dangwala. Wannan shaida tana da ƙarfi a gaban hakimi, tana da ƙarfi a kotun shari'a ranar rabon gado. A teburin banki ba ta da bambanci da takardar tsire. Kwamitin gyaran dokokin ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 a ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi aiki ne da ƙiyasin cewa abin da aka yi wa rajista cikin ƙasar Najeriya bai wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari ba. Wato an kafa asusun da kowane ma'aikaci zai zuba wa, aka ɗaure kwasarsa da takardar da kusan kowa ba shi da ita.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da ake nufi da ƙasa tana hannun gwamnati, kuma ba a aji suka koya ba. A 1974 aka fara ginin madatsar Bakalori a kan kogin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi kwangilar, aka kammala ta a 1978, shekarar da dokar ƙasa ta fito. Tafkin ya shanye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, aka tashi dubban iyalai. A ƙasan madatsar aka shiga gonakin mutanen Mafara da Bakura da manyan injina, aka tumɓuke itatuwan amfani, aka baje iyakoki domin shimfiɗa filin ban ruwa mai faɗin hekta 23,000, manoma suka yi damina bayan damina ba shuka. Da suka nemi diyya aka yi ta yi musu gafara sa, sai suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta amsa mutuwar mutane 'yan kaɗan. Masu bincike sun lissafa ɗaruruwa, kuma adadin da aka fi ambata shi ne 386.

Jikokin waɗannan mutane ne ake cewa ba su waye ba saboda ba su garzaya Gusau neman takardar gwamna ba. Alhali darasin da tarihi ya koya musu shi ne duk ranar da mai awo ya shigo gari da igiyarsa da littafinsa, wani zai rasa gonarsa. Doka ma ba ta ƙaryata su ba: sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin zama saboda amfanin jama'a, diyyar da sashe na 29 ya tanada kuwa ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ƙasar kanta ba ta da farashi. Hukumar da ke son mutum ya amince da takardarta, ita ke da nauyin kawo masa takardar har ƙofar gida, a farashin da zai iya, ta kuma nuna masa cewa wannan karon awon domin kare shi ne.

Abin da ya fi ciwo shi ne alƙalamin da ke sa hannu a wannan takarda ya daɗe a hannun 'ya'yan yankin. Ahmad Sani Yariman Bakura ya mulki Zamfara daga 1999 zuwa 2007. Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi daga 2011 zuwa 2019. Bello Matawalle na Maradun ya karɓa daga 2019 zuwa 2023. Shekara 20 cikin 24 ke nan amanar ƙasar Zamfara tana hannun ɗan ɗaya daga ƙananan hukumomi ukun da Bakalori ta shafa. Da a ce a cikin waɗannan shekaru an bi gari-gari, unguwa-unguwa, an auna gidaje an miƙa wa masu su takarda a kan kuɗi kaɗan, da yau maganar da ake yi daban ce. Ba abu ne da ya gagari ɗan Adam ba. Ruwanda, ƙasar da ta fito daga kisan ƙare dangi, ta auna filaye sama da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013, ta hanyar hotunan sama da matasan ƙauye da aka horar, maƙwabta suna tsaye suna nuna iyaka. Kano da Kaduna ma sun gwada irin wannan rajista ta bai-ɗaya a wasu unguwanni. A Zamfara an kafa hukumar ZAGIS domin taskace bayanan filaye, amma ofishin da ke jiran mutum ya zo da kuɗin awo da na taswira da na haraji daban yake da ma'aikacin da aka tura ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Ko an sami takardar, akwai sauran rina a kaba. Gidan Bahaushe sau da yawa gidan gado ne, mutum goma sha suna da haƙƙi a ciki, maza da mata, kowa da rabonsa. Banki kuwa suna ɗaya yake so wanda zai kama. Ginin ƙasa, wanda ya fi dacewa da zafin Mafara, ba ya shiga lissafin mai ƙiyasta daraja. Ana neman taswirar gini da hukuma ta amince da ita, da shaidar biyan haraji, da inshora. Sannan rancen ba kai tsaye yake fitowa ba, sai ta hannun ƙananan bankunan jinginar gidaje, waɗanda ke karɓa daga FMBN a kan kashi 4 su bayar a kan kashi 6, kuma galibinsu a Legas da Abuja suka tare. A kan duk wannan aka ɗora rashin tsaro. Yankin da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka kuma kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a Agustan shekarar, wane mai ƙiyasi ne zai rubuta cewa gida a ƙauyensa zai riƙe darajarsa shekara 30? Gwamnatin da ta kasa tsare garin ita ce kuma ke cewa gidajen garin ba su isa jingina ba.

Ƙofa ta uku ba a cika son ambatonta a tarukan otal ba. Zamfara ce jihar da ta fara aiwatar da shari'ar Musulunci a Janairun 2000, kuma ga ɗimbin mutanenta kashi 6 da kashi 30 duk hukuncinsu ɗaya ne. A Bakalori, in aka ce kuɗin ruwa, manomin shinkafa zai ɗauka ana maganar abin da yake biyan hukuma ne domin ban ruwan gonarsa, kuma wannan yana biya ba gardama. Ɗaya kuɗin ruwan ne ba zai taɓa ba ko da za a ba shi gidan bene. Fiye da shekara 25 asusun ya yi yana karɓar zubin irin wannan mutum ba tare da ya buɗe masa wata ƙofa da zai iya shiga da imaninsa ba. Sai a 2018 bankin ya fito da tsarin biyan haya har a mallaki gida, shi ma a rukunin gidajen da aka gina da kuɗinsa kaɗai, sannan a 'yan shekarun nan ake ta maganar rancen da babu ruwa a cikinsa. Hanyoyin kuwa ba sababbi ba ne: murabaha, inda banki ke saye ya sayar da riba sananniya, ijara, inda yake saye ya ba da haya har mallaka, da musharaka mai raguwa, inda ake tarayya mai gida yana sayen kason banki a hankali. Bankin Jaiz ya fara aiki tun 2012. Gwamnatin tarayya ita kanta, da ta buƙaci kuɗin gina hanyoyi a 2017, ba ta sha wahalar gano sukuk ba, ta tara naira biliyan 100. Ranar karɓa an san da fiƙihu, ranar bayarwa ne aka manta.

Sai a dawo kan wanda ya yi ta zubi bai kwasa ba. Ƙa'idar bankin ta ce in ya cika shekara 60 ko ya yi ritaya za a mayar masa da kuɗinsa tare da ƙarin kashi 2 cikin ɗari. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A 1992 dala ɗaya ba ta kai naira 20 ba a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Naira ɗarin da aka yanka wa masinja a shekarun farko na asusun tana iya cika kwandon cefane; wadda za a mayar masa ba ta sayen ƙullin gishiri biyu. Darajar da ta zube daga kuɗinsa ba iska ce ta kwashe ta ba. Ta tafi wurin wanda ya ranci miliyoyi a kan kashi 6 a lokacin da komai ke tashi da kashi 30, wato babban jami'i mai fili a Abuja ko Kaduna, mai takarda, mai lauya, mai sanayya a banki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma da aka tashi yi wa dokar gyaran fuska a 2023, ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu aka sassauta wa, zubin ya zama ganin dama a gare su. Ma'aikacin gwamnati, wanda albashinsa ke bi ta hannun mai yankan, aka bar shi a ciki.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa banki ba gidan zakka ba ne. In ya ba da kuɗin jama'a ba jingina, asusun zai rushe, kowa ya yi asara. Suna tuna wa mutane abin da ya faru a Amurka a 2008, inda aka yi ta ɗora wa marasa ƙarfi bashin gida har miliyoyi suka rasa muhallinsu, tattalin arzikin duniya ya girgiza. Akwai ma wanda zai ce rashin takardar rahama ce, tunda gidan da ba a iya jinginarwa ba a iya ƙwace shi, kuma Bahaushe ya san yadda jinginar gona ke ƙarewa in shekara ta yi muni. Duk wannan gaskiya ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe irin su Peru ya nuna takarda ita kaɗai ba ta sa banki ya buɗe taskarsa. Sai dai hujjar tana kare hana rance ne kawai, ba ta kare tilasta zubi ba. In banki ya yanke cewa gidan Birnin Tudu bai isa jingina ba, da wace fuska yake karɓar kuɗin mai gidan kowane wata? Ita ma Amurkar da ake misali da ita, bashin gida mai tsawon shekaru da tsayayyen kuɗin ruwa ba kasuwa ce ta haife shi ba. Gwamnati ce ta gina shi da hukumomin da ta kafa a 1934 da 1938, bayan ta ga talakawanta suna rasa gidaje.

Bankin ma ya san inda maganin yake, domin ya taɓa ɗanɗana shi. Rancen gyaran gida da ya fito da shi, wanda ya fara da iyakar naira miliyan 1, ana cire biyansa daga albashi ba tare da neman takardar gwamna ba, ya fi rancen sayen gida samun masu karɓa nesa ba kusa ba. Dalilin a fili yake: haka mutane ke gini. Ba wanda ke sayen gida gamamme a Bakura. Ana sayen fili bana, a buga bulo baɗi bayan an sayar da shinkafa, a kwashi adashi a yi linta, a sayar da sa a rufa kwano, a shiga ɗaki ɗaya ana ƙarasa saura. Rancen da zai amfani wannan mutum ƙarami ne, mai zuwa kashi-kashi, ta hannun ƙungiyar ma'aikata ko ta masu ban ruwa da suka san shi, a kan tsarin murabaha na siminti da kwano da katako. Da sabon gini gara yaɓe, in ji masu iya magana. Maimakon a faɗaɗa wannan, sai aka ɗaga rufin babban rance zuwa miliyan 50, aka kuma fito da wani sabon asusu a 2025 mai suna MREIF, mai kuɗin ruwa kashi 9.75 na shekara 20, inda miliyan 10 ke cin kusan naira 95,000 a wata. Tun zamanin gidajen Shagari, da aka yi alkawarin 2,000 a kowace jiha duk shekara, tunanin bai sauya ba: gida shi ne abin da ɗan kwangila ya gina a bayan gari.

Kafin a gyara, wanda ya ƙuduri shiga bashin gida, a Gusau ne ko Sakkwato ko Kano, ya kamata ya juya tsarin tambayoyinsa. Mutane kan fara da tambayar nawa ne ruwan, alhali ta farko ita ce ina takardar, sunan wa ke kanta, kuma an je ma'aikatar ƙasa an duba ba a riga an jinginar da ita ba? In gidan gado ne, duk magada sun sa hannu, har da matan da ke aure a wani gari? Sannan ya tambaya ko ruwan tsayayye ne ko mai bin ma'aunin Babban Banki, domin wanda ya sa hannu a kan mai motsi a 2021, lokacin ma'aunin yana kashi 11.5, ya ga abin da ya biyo baya. Ya nemi a rubuta masa jimillar abin da zai biya daga farko har ƙarshe, ko da bankin Musulunci ne, tunda halaccin ciniki bai hana shi tsada ba. Ya lissafa kuɗin da ba a faɗa a talla: na amincewar gwamna, na hatimi, na rajista, na lauya, na mai ƙiyasi, na inshora. Ya tambayi abin da zai faru in albashi ya yi wata uku bai zo ba, abin da ma'aikatan jihohi da dama suka sani ba labari ba. Mai sayen fulat a dogon bene a Abuja ko Kano yana da ƙarin damuwa, domin sau da yawa takarda ɗaya ce ke kan dukan ginin, tana hannun kamfanin da ya gina, ga kuɗin kula da gida da ke tashi duk shekara ba da shawararsa ba. Tun 2022 kuma an yarda mai asusun fansho ya ciri kashi 25 na ajiyarsa ya biya kafin alƙalamin gida. Wanda zai yi haka ya san abincin tsufansa ne yake jinginarwa tare da gidan.

Abin da ake bin hukuma bai da yawa, kuma babu wanda ke buƙatar sabuwar ma'aikata. Gwamnan Zamfara yana da ikon wakilta sa hannunsa ga kwamishina, ya sauko da kuɗin takarda, ya fara rajistar gida-gida daga garuruwan da Bakalori ta tasa, tare da hakimai da alƙalan da suka san gadon kowane gida. Majalisar Tarayya, wadda ta iya sassauta wa ma'aikatan kamfanoni a 2023, tana iya yi wa ƙananan ma'aikatan gwamnati haka, ko ta ɗaure ƙarin da ake biyan mai ajiya da hauhawar farashi. FMBN kuwa ya wallafa, jiha-jiha, nawa ya karɓa daga Zamfara tun ƙirƙirar ta a 1996 da nawa ya ba 'yan Zamfara rance, kowa ya gani.

A yadda abin yake yanzu, mai albashin naira 70,000, ko da an lissafa yankan a kan dukan albashinsa, yana zuba naira 1,750 a wata, 21,000 a shekara, 735,000 a shekara 35 na aiki. Ranar da ya ajiye aiki zai cika fom, ya nemo takardar ritaya da shaidar zubinsa, ya hau motar Gusau, ya dawo ya jira. In kuɗin sun fito cif, kuma farashin buhu ya tsaya cak a naira 10,000, uwar kuɗin za ta saya masa siminti buhu 70 da 'yan kai.